Littafin aikin kwamitin karrama masu hidimar unguwa

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Zaman farko, bayan la'asar, a ajin ƙarshe na Islamiyyar unguwarmu da ke cikin birnin Kano. Mutum tara ne a kwamiti, maza bakwai, mata biyu. Aikin da ƙungiyar unguwa ta ɗora mana: a zaƙulo waɗanda ke yi wa jama'a hidima ba don albashi ba, a karrama su kafin shekara ta fita. Tun 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 5 ga Disamba domin masu aikin sa-kai, amma bana ranar ta faɗo Juma'a, don haka aka tsayar da Asabar, 6 ga wata.

An ɗan ja kan suna. A Zamfara da Katsina da Sakkwato, idan ka ce 'yan sa-kai, masu bindiga da ke farautar ɓarayin daji ne ke zuwa wa mutum a rai. Saboda haka a duk takardunmu "masu hidimar unguwa" za a riƙa rubutawa.

Sharuɗɗa huɗu aka amince da su. Mutum ya kai shekara uku yana aikin. Kada ya zama albashi yake karɓa a kansa. Ɗan kwamiti ba ya shiga, haka matarsa ko mijinta da 'ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya. Mai neman kujerar siyasa ma ba ya shiga. Rukunai shida: makabarta da jana'iza, tsafta da magudanan ruwa, lafiya, sintiri, karantarwa, kula da marayu. Kasafin farko naira 1,200,000. A asusu akwai 150,000 kacal.

Laraba, 8 ga Oktoba

An buga fom 300, gaba da baya, naira 50 kowanne, 15,000. Tambaya biyar ce a ciki: sunan wanda ake gabatarwa, layinsu, aikin da yake yi, tun yaushe, da mutum biyu da za su ba da shaida. An raba a masallatai biyar da shagunan bakin titi da wajen mai shayi.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Wasiƙu sun fita. Ta mai unguwa da hannu aka kai, shi zai raka mu wajen dagaci, dagaci ya isar wa hakimi. Tsallake wannan tsani kuskure ne da ba ya gyaruwa da wuri. An kai ta ofishin 'yan sanda, da ta hedimasta don aron filin firamare. Ya ce sai an haɗa da kwafi zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. An yi.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Fom 212 suka dawo, kuma da su matsalar farko ta fito.

Guda 61 sunan mutum ɗaya ne, da rubutun hannu iri biyu, biro ɗaya shuɗi. Tun da ba zaɓe ake yi ba, yawan fom ba ya ƙara wa kowa maki. An haɗe su wuri guda an lissafa su ɗaya. Bayan an tace maimaici, sunaye 47 suka rage. A cikinsu mata 3 ne. Masu haƙa kabari ko ɗaya babu, alhali kowa a ɗakin ya san akwai dattawan da ke makabarta tun kafin a haifi rabinmu.

Laifin daga tsarinmu yake. Fom yana tafiya inda masu karatun boko suke zama, kuma su sunan wanda suke gani a Facebook suke rubutawa: mai ɗaukar hoto da buhun shinkafa, mai jawabi a taro. Matar da ake buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare don naƙuda ko wankan gawa, waɗanda suka san ta suna cikin gida, fom bai kai gare su ba. Mai haƙa kabari kuwa ranar da kake ganinsa hankalinka ba a kansa yake ba.

Gyaran da aka yi: an ƙara sati ɗaya. Matan kwamiti biyu za su zauna a Islamiyyar matan aure ranar Talata da Laraba su karɓi sunaye da baki, su cike fom ɗin da kansu. An ba da lambar sakatare don saƙon murya ta WhatsApp. Limamai biyar kowanne zai kawo sunan waɗanda yake kira idan an yi rasuwa, tun daga mai ɗinka likkafani har mai ɗauko makara.

Asabar, 25 ga Oktoba

Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli. An yi amfani da ita wajen duba 'yan rukunin tsafta ba tare da an sanar da su ba. Daga bakwai zuwa goma na safe mutum biyu suka zaga. Cikin sunaye tara, biyar aka samu a cikin kwata. Biyu suna tsaye a bakinta da waya a hannu. Biyu ba a gan su ba. Ɗaya daga baya aka tabbatar yana jinyar mahaifiyarsa, don haka ba a yanke masa hukunci da rana ɗaya ba.

Abin lura: babu mai takalmin ruwa a cikin biyar ɗin. Ɗaya leda ya ɗaura a ƙafa sannan ya sa silifas, ga fasassun kwalabe a cikin lakar da yake kwashewa.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Sunaye sun koma 68, mata 17. Zaman yau gaba ɗaya kan sharaɗi na biyu ya ƙare, domin "ba ya karɓar albashi" ya fi sauƙi a takarda.

Matan da ke bi gida-gida wajen rigakafin shan-inna da wayar da kan masu ciki suna karɓar alawus. 'Yan sintiri ana tara musu kuɗi daga gidaje duk wata. Mai haƙa kabari ana miƙa masa abin da ya sawwaƙa bayan an rufe gawa. Malamin Islamiyya yana samun kuɗin Laraba. Idan aka ce duk wanda sisi ya taɓa shiga hannunsa ya fita, ba wanda zai rage.

Ma'aunin da aka tsayar: idan kuɗin suka tsaya, aikin zai tsaya? Wanda ke da tsayayyen alawus daga gwamnati ko wata hukuma a kan wannan aikin, ya fita, sai dai idan yana da wata hidimar daban da ba a biyansa. Wanda ihsani ne, yau a ba shi gobe a hana, kuma shaidu sun tabbatar yana fitowa ko ba a bayar ba, ya zauna. 'Yan sintiri an duba littafin karo-karonsu: wata uku a bana abin da aka tara bai wuce kuɗin batir da shayi ba, kuma ba su fasa fita ba. Sun zauna. Da wannan ma'auni mutum 14 suka fita, saura 54.

A rukunin lafiya akwai wani tarko. Mai ba da jini kyauta daban, wanda ke zaman bakin asibiti yana jiran a yi ciniki daban. Za a nemi katin bayar da jini, a duba tazarar ranaku. Leda ɗaya kusan mililita 450 ce, kuma namiji sai ya huta wata uku kafin ya sake. Wanda aka ce yana bayarwa duk wata, ko dai shaidar ƙarya ce, ko yana cutar kansa, kuma kwamiti ba zai ɗaga hannunsa a gaban matasa ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Tantancewa na tafiya. Mutum biyu-biyu, kuma ba a tura kowa layinsu. Kowane suna sai an ji daga mutum uku da suka amfana, ban da biyun da ke kan fom. Kuɗin mota da kati zuwa yau 18,000.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Wani mai neman takara ya aiko cewa zai ɗauki nauyin taron gaba ɗaya. Sharaɗinsa uku: hotonsa a kan banar taro, shi zai miƙa kyaututtuka, a ƙara yaransa uku a jerin. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, ba mamaki.

An yi muhawara mai zafi, don giɓin da ke gabanmu ya kai rabin kasafi. Waɗanda suka ce a karɓa hujjarsu ita ce kuɗin ai na jama'a ne ko ta wace hanya suka zo. Amma idan hoton ɗan takara ya hau bana, rabin unguwa ba za su zo ba, kuma duk wanda aka karrama an shafa masa fentin jam'iyya ba da saninsa ba. Ɗan sintirin da ke buga kowace ƙofa da dare bai kamata a san shi da wata tuta ba. Shida suka ƙi, uku suka yarda. An mayar da amsa cikin ladabi ta bakin mai unguwa: ƙofar gudummawa a buɗe take gare shi kamar kowa, da rasit, kuma za a karanta sunansa cikin masu bayarwa. Har yau ba a ji daga gare shi ba.

Dole kasafi ya sauko. Abincin baƙi ya fita, haka hayar zauren taro da mai bidiyo.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Ziyarar makabarta, da hantsi. Wannan ce ta sauya fasalin kyautar baki ɗaya.

Limamai huɗu cikin biyar sunan dattawa biyu suka kawo. An same su suna cikon wani kabarin da ya rufta tun damina. Diga biyu gare su. Ɗaya ƙotarta ta tsage an naɗe ta da robar tayar keke, bakinta ya cinye har ya zama kamar cokali. Baron da suke ɗibar ƙasa ba shi da taya, jan sa ake yi a kan ƙarfen. Yanzu da ƙasa ta fara bushewa, sai sun kwara jarka biyu ko uku ta ruwa sun jira ta tsuma kafin diga ta shiga, kuma ruwan saye suke yi wajen 'yan garuwa. Idan gawa ta zo bayan magariba, da tocilar waya ake haska musu.

Da aka yi wa babban cikinsu bayanin allon yabo na katako mai rubutun zinare, sai ya tambaya nawa ake yin sa. Aka ce masa, Baba, 12,000 ne. Ya ce wannan ai diga ce da sabuwar ƙota har da canji.

Allo 12 zai ci 144,000. An soke shi. Kowa zai samu takardar shaida a firem da sutura, sauran kuɗin a zuba a kayan aikin da kowane rukuni ya faɗa da bakinsa. An koma an tambayi sauran rukunai su ma.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Ba da maki. Kashi ɗari aka raba: shaidar waɗanda suka amfana 30, daɗewa 25, rashin yankewa 25, wahala da haɗarin aikin 20. Kowane ɗan kwamiti ya rubuta nasa a ɓoye, aka cire mafi yawa da mafi ƙanƙanta, aka ɗauki matsakaicin bakwai ɗin da suka rage. Wannan dabara ta yi amfani sau biyu, inda wani ya ba abokinsa 98.

Mutum 12 suka fito: jana'iza uku, tsafta biyu, lafiya biyu, sintiri biyu, karantarwa biyu, marayu ɗaya. Maza takwas, mata huɗu. Mai fom 61 ya zo na 31. Sauran 42 za a rubuta musu wasiƙar godiya da sa hannun mai unguwa. Barin su shiru shi ke haifar da ƙorafi a majalisa.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

An kai wa mutum 12 labari a gidajensu. Uku sun ƙi: babban mai haƙa kabari, matar da ke wankan gawa, da mai ba da jini. Dalilinsu ɗaya, tsoron riya, kada a biya su a duniya.

Ba abin da za a yi wa dariya ba ne, kuma ba a matsa wa irin waɗannan. An tafi da babban limami. Ya kawo hadisin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarsa, cikinsu har da wanda ya ɓoye sadaka hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba, ya ce suna da hujja. Ya kuma kawo wanda ke cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, ya ce wannan nauyi ne a kan unguwa, su ba su nema ba. Mai ba da jini ya sauko da aka nuna masa ana so matasa su gani su daina gudun allura, da sharaɗin ba za a ambaci ko mutum ɗaya da ya ba jini ba. Wannan daidai ne, da ma bai kamata ba. Dattijon makabarta ya tsaya a kan bakansa: kayan aiki a kai makabarta, sunansa kada ya shiga lasifika. An amince, za a kai masa nasa gida bayan isha'i. Inna mai wankan gawa ta ce a cikin mata za ta iya.

Daga nan aka ga a raba zaman: matan huɗu za a karrama su ranar Lahadi a Islamiyya, dama mijin ɗaya ya nuna ba ya son ta hau dandamali. An kuma haramta kawo marayu fili ko sa hotonsu a ko'ina.

Litinin, 24 ga Nuwamba

An rufe karɓar kuɗi a 751,500: asusu 150,000, karo-karon layuka tara 186,500, 'yan kasuwa 240,000, 'yan unguwa mazauna Abuja da Legas da Saudiyya 175,000.

Sayayya, mutum uku tare, kowane abu da rasit. A Ƙofar Ruwa: baro 55,000, diga huɗu 30,000, shebur huɗu 24,000, manjagara shida 24,000. A Sabon Gari: fitila mai caji biyu 18,000, takalmin ruwa shida 48,000, safar hannu ta roba mai kauri dozin ɗaya 18,000, tocila shida 39,000, rigar sanyi shida 42,000, usur 3,000, farin allo biyu da alƙalamin maka 37,000, safar asibiti da sabulu da bokitai 30,000. Kayan aiki duka 368,000. A Kantin Kwari: shadda yadi biyar-biyar ta maza takwas 112,000, atamfa huɗu 50,000.

Diga kan zo ba ƙota, ko da ƙota marar ƙwari. A sa mai sayarwa ya ɗaura a gabanka, a buga a ƙasa a gani. Ɗaya ta kwance a wurin aka canza.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Takardun shaida sun fito a lalace. Salon harafin da mai bugawa ya zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, duk inda suke sai ɗan akwati ya fito. "Ƙungiya" ta tashi ba kai. A kwamfutar sakatare lafiya lau rubutun yake, amma a buɗe aka tura shi, na'urarsu ta musanya harafin. Ban da haka, an sa wa wani Alhaji alhali bai je Makka ba, kuma mutum ne da ba zai rataye wannan a ɗakinsa ba. An rubuta Muhammad inda mai sunan Muhammadu yake rubutawa.

Bugun farko 12,000. An raba asarar biyu, mun ƙara 6,000. Ka'ida daga yau: a tura a PDF, a buga gwaji ɗaya a farar takarda, a kai wa mai suna ya gani ko a karanta masa kafin a taɓa kati. Firem 12, 36,000.

Talata, 2 ga Disamba

An biya kujera 200 a 24,000, rumfa huɗu 28,000, lasifika da inji 25,000, fetur lita takwas 7,600, bana 12,000, ruwan leda 10,000, lemo 20,000. An rubuta tarihin kowa a layi shida, minti ɗaya da rabi a karance. An shafa wa duk kayan ƙarfe jan fenti da sunan rukuni.

Asabar, 6 ga Disamba

An tsara farawa 4:15, a tashi kafin magariba, wadda yanzu 'yan mintoci bayan shida take yi. Ba a fara ba sai 4:50, ana jiran wakilin hakimi. Jawabai uku aka tsara na minti biyar-biyar, aka yi biyar, ɗaya ya ci minti goma sha takwas. Sakamakon haka waɗanda aka taru dominsu su aka matse: huɗun farko an karanta tarihinsu cikakke, ukun ƙarshe suna kawai aka kira ana ta sauri ladan na gyara murya. Kuskuren jadawali ne. Karramawa ya kamata ta zo nan da nan bayan addu'a, jawabi ya biyo baya, wanda dare ya yanke wa ya yanke.

Iskar hunturu ta ɗaga rumfa ɗaya don ba a ɗaure ƙafafunta da dutse ba. Ba wanda ya ji rauni. Maroƙa biyu sun kutsa suka fara wasa manyan baƙi, sai da 'yan agaji suka janye su gefe. Kujeru ba su isa ba, yara sun cinye layi uku na gaba tun kafin la'asar.

Abin da ya yi kyau: da aka turo baro da digogi tsakiyar fili aka ce na makabarta ne, ba a ambaci kowa ba, wurin ya yi tsit, sannan aka ɗauki kabbara. An ajiye littafi a bakin ƙofa, matasa 23 suka rubuta suna, 9 a ba da jini, 8 a tsafta, 6 a makabarta. Bayan isha'i mutum uku suka kai wa dattijon nasa.

Lahadi, 7 ga Disamba

Zaman mata, ƙarfe goma a Islamiyya. Ba lasifika, ba jawabin manya, minti hamsin aka gama, kuma an karanta tarihin kowacce har ƙarshe.

Laraba, 10 ga Disamba

Lissafi: an kashe 743,600, saura 7,900. Mai kujeru ya ƙirga 198, ya caji 14,000 na biyun da suka ɓata. Giɓin 6,100 'yan kwamiti suka cike. Badi a ƙirga kujeru tare da shi a sauke da a ɗauka, a sa hannu. Za a manna kwafin lissafin a masallatai biyar ranar Juma'a.

Tun jiya wani magini ya zo aron baron makabarta. An hana. Kayan na aikin ne, ba na wanda aka karrama ba, ba kuma na aro ba. An sayo sarƙa da kwaɗo, makulli ɗaya wajen dattawan, ɗaya wajen mai unguwa. An buɗe littafin kaya, za a riƙa dubawa duk Asabar ɗin ƙarshen wata.

Saura: ukun da aka yanke wa tarihi za a karanta nasu a masallacin layinsu bayan sallar Juma'a, idan liman ya yarda. Wasiƙu 42 an sa hannu a 30. Matasa 23 za a kira su kafin 27 ga wata, ranar tsafta, don idan aka bar su wata guda rabinsu sun watse. Masu son ba da jini za a kai su a gwada rukunin jininsu a rubuta. Makabarta na buƙatar tifa biyu ta ƙasa da tankin ruwa kafin damina, ba a samo farashi ba tukuna. Zama na gaba Lahadi, 21 ga Disamba, bayan la'asar.